Ƙurajen fuska: Yadda ake shafa maganin kashe ƙwayoyin cuta ba tare da an cuci fata ba

Idan aka shiga kowane aji na babbar sakandare a Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa aka dubi fuskokin ɗalibai, da wuya a rasa mutum goma masu ƙuraje a goshi ko kumatu ko haɓa. Wannan ba abin mamaki ba ne. Ƙungiyar likitocin fata ta Amurka ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 85 cikin 100 na masu shekara 12 zuwa 24 sukan yi fama da ƙurajen fuska, ko da kaɗan ne. Ke nan a ajin da ke da ɗalibai 60, waɗanda za su gama makaranta ba su taɓa ganin ƙurji a madubi ba ba su kai goma ba.

Abin da ya fi ƙurajen tayar da hankali shi ne abin da ake shafa musu. Likitocin fata ba su da yawa a Najeriya, kuma akasarinsu suna manyan asibitocin koyarwa ne, irin na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika da na Malam Aminu Kano. Ga ɗalibin da ke Ƙetare ko Daudawa ko Damari, tafiya can saboda ƙuraje sai ta zama kamar almubazzaranci, balle ga tsadar mota da matsalar tsaron da ta addabi hanyoyin yankin. Saboda haka shawara takan fito daga wanda ya fi kusa: mai kemis na bakin titi, mai tallar magani ranar kasuwa, ƙawa a ɗakin kwana, ko wani bidiyo na TikTok.

Daga cikin abubuwan da ake miƙa wa matasa akwai maganin shafawa mai kashe ƙwayoyin cuta, wato antibayotik. Magani ne na gaske da likitoci ke rubutawa a duk duniya, kuma yana aiki. Amma yana da sharuɗɗa: ma'aikacin lafiya ne ke rubuta shi, ba a shafa shi shi kaɗai, kuma yana da ranar dainawa. Wanda ya saɓa waɗannan yakan yi asarar kuɗinsa da fatarsa, ya kuma taimaka wajen kashe ƙarfin maganin da wani zai buƙata ranar da ciwo mai tsanani ya kama shi.

Daga ina ƙurajen ke fitowa?

A jikin fata akwai ƙananan ƙofofi da gashi ke tsirowa ta cikinsu. A gindin kowace ƙofa akwai wata 'yar jaka mai samar da maiƙo, wanda ke hana fata bushewa. Idan yaro ko yarinya suka fara balaga, sinadaran balaga sukan sa waɗannan jakunkuna su girma su riƙa fitar da maiƙo fiye da da. Sai maiƙon ya haɗu da matacciyar fatar da ke saɓulewa, su toshe ƙofar. Idan bakin ƙofar a rufe yake, sai a ga ɗan ƙurji mai farin kai. Idan a buɗe yake, iska takan mayar da saman toshiyar baƙi. Wannan baƙin ba dauɗa ba ne, shi ya sa dirza ba ta fitar da shi.

Akwai wata ƙwayar bakteriya da ke zaune a fatar kowa, mai ƙuraje da marar ƙuraje. Masana na kiran ta Cutibacterium acnes, sunan da aka sauya mata a shekarar 2016. Tana son wurin da babu iska kuma akwai maiƙo, don haka toshasshiyar ƙofa gida ce a gare ta. Idan ta yawaita a ciki, sai jiki ya turo sojojinsa su yaƙe ta. Wannan yaƙin ne ke kawo kumburi da zafi da mugunya.

Idan kun fahimci wannan, za ku ga wasu maganganun da ake yi ba su da tushe. Ƙurajen fuska ba ƙazanta ke kawo su ba. Ba a ɗaukar su ta hanyar gaisawa ko zama a benci ɗaya. Ba alamar son aure ba ne, kamar yadda wasu ke tsokana. Babu wata ƙwaƙƙwarar hujja da ta nuna cewa gyaɗa ko ƙuli-ƙuli ko awara ne ke haddasa su, duk da cewa bincike ya nuna yawan shan zaƙi da lemon kwalba na iya ƙara su ga wasu mutane. Gado ma yana taka rawa: idan iyaye sun yi fama da su, akwai yiwuwar 'ya'ya su yi.

Wane magani ake nufi?

Magungunan kashe ƙwayoyin cuta da aka fi shafa wa ƙurajen fuska guda biyu ne. Na farko shi ne kilindamaisin, wanda a jikin kwali za ku ga an rubuta clindamycin, galibi mai ƙarfin kashi 1 cikin 100. Na biyu shi ne eritiromaisin, a kwali erythromycin, wanda ya fi zuwa da ƙarfin kashi 2 cikin 100, wani lokaci kashi 4 idan an haɗa shi da sinadarin zink. Suna zuwa a matsayin jel ko ruwa-ruwa ko man shafawa.

Aikinsu biyu ne. Suna hana bakteriyar hayayyafa, kuma suna rage kumburi. Don haka sun fi amfani ga ƙuraje masu kumburi da masu mugunya. Ba su buɗe toshasshiyar ƙofa, ba su rage maiƙo. Wanda duk damuwarsa masu farin kai da masu baƙin kai ne, ba wannan ne maganinsa ba. Ba su kuma goge baƙin tabon da tsohon ƙurji ya bari, balle su ƙara hasken fata.

Me ya sa ba a shafa shi shi kaɗai?

A nan ne darasin kimiyyar halittu da kuke yi a aji ke shigowa. Bakteriyar da ke fuska miliyoyi ne, kuma ba duka suke iri ɗaya ba. Idan aka shafa magani, mafi yawansu za su mutu, amma akan samu 'yan kaɗan da ke da wani sauyi a halittarsu wanda ya sa maganin bai kama su. Da zarar sauran sun mutu, fili ya zama nasu. Su hayayyafa, su cika wurin, sai a wayi gari maganin da ya yi aiki a watan farko ya zama kamar ana shafa ruwa. Manoman Faskari da Sabuwa sun san irin wannan a gona: ciyawar da ta saba da maganin feshi iri ɗaya, wata shekara sai a fesa ta ƙi mutuwa.

Wannan ya riga ya faru da ƙurajen fuska. Tun a 1979 likitoci a Amurka suka ba da rahoton samun bakteriyar ƙuraje da ta bijire wa maganin shafawa. A birnin Lids na Ingila, masana sun bi diddigin masu zuwa asibitin fata na tsawon shekara goma. A 1991, kimanin kashi 35 cikin 100 ne ke ɗauke da bakteriyar da ta bijire wa aƙalla magani ɗaya. Zuwa 1997 adadin ya kai kashi 64. Eritiromaisin ne ya fi shan kaye, kuma galibin bakteriyar da ta bijire masa ta bijire wa kilindamaisin ma.

Matsalar ba ta tsaya a fuskar mai shafawa ba. An gano irin wannan bakteriyar a jikin waɗanda suke zama tare da masu shafa maganin, duk da su ba su taɓa shafawa ba. Haka kuma akwai wasu ƙwayoyin cuta a fata da hanci, irin waɗanda ke kawo maruru da ruɓewar rauni, da su ma suke koyon bijirewa idan suka daɗe suna haɗuwa da maganin. Ku tuna cewa waɗannan magunguna biyu ana ba da su a sha ko a yi allura don cututtukan maƙogwaro da huhu da ƙashi, musamman ga waɗanda jikinsu ba ya karɓar fenisilin.

Wani babban bincike da mujallar likitoci ta The Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a duniya kai tsaye saboda bakteriyar da ta daina jin magani. Yankin da abin ya fi ƙamari shi ne namu, Afirka ta Yamma, inda aka ƙiyasta mutuwar mutum 27 cikin kowane 100,000. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ware ranakun 18 zuwa 24 ga Nuwamba na kowace shekara don wayar da kai a kan lamarin.

Mafitar da likitoci suka samo ita ce a yi wa maganin abokin tafiya. Sunansa benzoyil feroksaid, a kwali benzoyl peroxide. Shi ba antibayotik ba ne. Yana sakin iskar oksijin ne a cikin ƙofar fata, wadda ke hallaka bakteriyar ta hanyar da har yau ba a ga ta iya kauce mata ba, kuma yana taimakawa wajen buɗe toshiya. Idan aka haɗa su, ƙurajen sun fi saurin lafawa, bakteriyar da ta tsallake ɗaya kuma ba ta tsallake ɗayan. Akwai jel da ke zuwa da su biyun a haɗe. Idan daban-daban ne, akan shafa ɗaya da safe ɗaya da dare. Mai ƙarfin kashi 2.5 ko 5 cikin 100 ya wadatar; mai kashi 10 ya fi ƙona fata ba tare da ya fi aiki sosai ba. Ƙa'idar da hukumar tsara jinya ta Ingila, NICE, ta fitar a 2021 ta hana ba da antibayotik na shafawa shi kaɗai don ƙuraje, ta kuma hana haɗa na shafawa da na sha a lokaci guda. Ga masu ƙuraje marasa yawa ma, benzoyil shi kaɗai yakan isa, ba sai an kai ga antibayotik ba.

Yadda ake shafawa

Idan likita ko wani ƙwararren ma'aikacin lafiya ya rubuta muku, ga tsarin da ya dace.

Ku wanke hannu, sannan ku wanke fuska da ruwa da sabulu marar kaifi, da tafin hannu. Kada a sa soso ko dutsen goge kaushi. Wanki da sabulu sau biyu a rana ya isa. Ku tsane fuskar da tsumma ko tawul mai tsabta wanda ba ku tarayya da kowa a kansa, ku jira minti 10 zuwa 15 ta bushe sarai, domin jiƙaƙƙiyar fata ta fi jin zafin magani.

Ku matso kaɗan, kimanin girman ƙwayar wake, ku shafa siriri a duk yankin da ƙurajen ke fitowa, kamar goshi gaba ɗaya ko kumatu gaba ɗaya. Ɗiga shi a kan kowane ƙurji kawai ba ya wadatarwa, saboda babban aikinsa shi ne tare waɗanda ba su fito ba tukuna. Lafta shi da yawa ba ya sa a warke da wuri, sai dai fata ta yi ja ta soma saɓa. Ku kauce wa ido da leɓe da cikin hanci da duk inda fata ta fashe. Idan ya shiga ido, a wanke da ruwa mai yawa. Bayan kun gama ku sake wanke hannu.

Lokacin shafawa yana da muhimmanci, musamman ga mai alwala sau biyar a rana. Wanda ya shafa ana gab da kiran Magariba, ya wanke kuɗinsa ne kawai. Lokaci mafi dacewa shi ne bayan sallar Isha'i, kafin kwanciya, don maganin ya kwana a fuska. Idan sau biyu aka ce, na safe a shafa bayan Asuba, ya samu sa'o'i kafin Azahar. Idan kun manta wata rana, ku ci gaba washegari yadda kuka saba, ba sai kun ninka ba.

A makon farko da na biyu fata kan ɗan bushe ko ta yi ɗan zafi, musamman saboda benzoyil. Ana iya farawa da shafawa yau a tsallake gobe, har fata ta saba. Lokacin hunturu, da iska ke busar da fata har leɓe ya tsage, wannan bushewar takan ƙaru, don haka a nemi man shafawa marar nauyi da maiƙo a ɗora bayan maganin ya bushe. Lokacin bazara kuma a rage zama cikin rana tsaka, a sa malafa idan za a gona.

Benzoyil yana cin launin tufafi kamar yadda bilic ke yi. Zai iya ɓata hijabi mai launi ko wuyan rigar makaranta ko zanen gado ko rigar matashin kai, har da gashin gira. Ku bari ya bushe kafin ku sa kaya, ku kuma riƙa kwana a kan farin ƙyalle ko tsoho. Sannan wasu magungunan masu ruwa-ruwa suna ɗauke da sifirit, wanda ke kama wuta. Wadda ta shafa irin wannan kada ta sunkuya hura murhu ko kunna risho sai ya bushe.

Zafi yana lalata magani. A watan Afrilu zafin wannan yanki yakan haura digiri 40, kuma akwatin ƙarfe a ɗakin kwano ya fi haka zafi. Ku ajiye shi a wuri mafi sanyi a ɗaki, nesa da taga da hannun ƙanne, ku karanta takardar cikin kwali, domin wasu nau'o'in suna da 'yan watanni ne kawai bayan an fara amfani da su. Kada ku ara wa kowa, kada ku ari na wani.

Zangon karatu ɗaya

Gaggawa ce ke kayar da mafi yawan matasa. A shafa kwana biyar, a duba madubi, a ce bai yi ba, a sayo wani. Alhali ƙurjin da kuke gani yau ya yi makonni yana haɗuwa a ƙarƙashin fata. Sai an yi mako 6 zuwa 8 ana shafawa kullum kafin a ga sauyi na sosai.

Wa'adin da aka saba bayarwa shi ne mako 12, wato kusan zangon karatu ɗaya. Wanda ya fara a makon komawa makaranta, lokacin jarrabawar ƙarshen zango ne zai koma wurin wanda ya rubuta masa. Ku rubuta ranar farawa a bayan littafinku. Idan fuska ta yi kyau, akan janye antibayotik ɗin a bar mutum da benzoyil, ko wani magani mai suna adafalin, a kwali adapalene, don kada ƙurajen su dawo. Idan an samu sauƙi amma da saura, likita na iya ƙara wani wa'adin, sai dai ƙa'idar ita ce kada a wuce wata 6 sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Idan kuwa babu wani sauyi bayan mako 12, ci gaba da shafawa ba shi da amfani, sai a sauya tsari. Wanda ya mayar da antibayotik man shafawarsa na kullum shekara da shekaru, gonar bakteriya mai taurin kai yake nomawa a fuskarsa.

Hattara da mai haɗi uku

Akwai wasu mayukan da suka cika shagunan magani, waɗanda aka fi miƙa wa duk wanda ya ce yana da matsalar fata. Sanannu daga cikinsu su ne Funbact-A da Skineal. Kowanne yana ɗauke da abu uku: maganin cututtuka irin su makero, da antibayotik mai suna niyomaisin, da kuma sitiroyid mai ƙarfi. An yi su ne don wasu cututtukan fata na daban, na ɗan gajeren lokaci, bisa umarnin likita. Ba maganin ƙurajen balaga ba ne, kuma niyomaisin ba ya cikin magungunan da ake ba masu ƙuraje.

Sitiroyid ɗin ne ke yaudarar mutane. A kwanakin farko yana kwantar da kumburi, fuska ta yi sumul har ta ɗan yi haske, sai a ɗauka an dace. Bayan makonni fata takan yi siriri, jijiyoyi su bayyana, gashi ya tsiro a kumatun 'yan mata, wasu wurare su yi fari wasu su yi baƙi. Sai kuma sababbin ƙuraje ƙanana masu kama da juna su feso, waɗanda sitiroyid ɗin da kansa ya haifar. Idan aka daina, fuska ta yi zafi da ƙaiƙayi, sai a koma. Garin neman ƙiba an samo rama ke nan.

Ku koyi karanta kwali. Idan kun ga betamethasone ko clobetasol ko dexamethasone, akwai sitiroyid a ciki. Irin waɗannan sinadarai ne kuma ake zubawa a yawancin mayukan bilicin da haɗe-haɗen da ake sayarwa a robobi marasa suna. A 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana yawaitar amfani da mayukan bilicin a matsayin babbar barazana ga lafiyar al'ummar ƙasa. Wanda ya daɗe yana shafa irin waɗannan, ya je asibiti a tsara masa yadda zai rabu da su sannu a hankali.

Kafso da sauran dabarun ɗakin kwana

Wasu sukan fasa kafso, irin mai launin ja da rawaya ɗin nan ko ampiclox, su zuba garin a man shafawa ko su kwaɓa da ruwa. Garin da aka yi don ciki ba a tsara shi ya ratsa fata ba, ba a san adadin da ya shiga ba, kuma hanya ce ta koya wa bakteriya bijirewa. Shafa dangin fenisilin a fata yana iya sa jiki ya tsane shi, har wata rana idan an ba mutum a asibiti ya yi masa mummunar illa.

Man goge baki da lemun tsami da kanwa da toka da tafarnuwa duk suna iya ƙona fata. A baƙar fata irin tamu, duk inda ya ƙone ko ya kumbura yakan bar baƙin tabo da ke ɗaukar watanni kafin ya dushe. Sau da yawa tabon ya fi ƙurjin daɗewa da damun mutum. Matse ƙurji da farce ko tsire shi da allura shi ma haka yake, yana tura mugunyar ciki ya bar rami.

Ƙanƙara ta yi suna da farar ƙasa, kuma gaskiya ne cewa kamfanoni na sa wadda aka tace a wasu kayan kwalliya saboda tana tsotse maiƙo. Amma wadda aka haƙo daga rami ba a tsabtace ta ba, tana iya zuwa da yashi da ƙwayoyin cuta, kuma ko tatacciyar ba ta magance ƙuraje.

Ku lura da man kitso da man gashi da basilin. Idan suka gangaro goshi suna toshe ƙofofin fata, shi ya sa wasu ƙurajensu a layin gashi suke taruwa. Hula da ɗankwali da hijabin da ke shan gumi su ma a riƙa wanke su akai-akai.

Yaushe za a dakata a nemi asibiti?

A daina shafawa nan take a je asibiti idan fuska ko leɓe ko ido suka kumbura, ko jiki ya feso da borin jini, ko numfashi ya yi wuya. Haka nan idan fata ta yi ƙuna ko ta tashi bororo. Kilindamaisin kaɗan ne ke ratsawa cikin jini daga fata, amma a wasu lokuta da ba kasafai ba yakan taɓa hanji. Duk wanda ke shafa shi ya ga gudawa mai tsanani, ko mai jini, ko wadda ta ƙi tsayawa tare da murɗar ciki, ya daina ya sanar da likita cewa yana shafa wannan magani. Wanda ya taɓa fama da ciwon kumburin hanji ya faɗa tun kafin a rubuta masa. Kada kuma a haɗa kilindamaisin da eritiromaisin, domin suna hana juna aiki.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ku gaya wa ma'aikacin lafiya duk abin da kuka taɓa shafawa, har da wanda kuke jin kunyarsa, in da hali ku tafi da kwalin. Ku kuma isar wa yayyenku da matan yayyenku cewa mai juna biyu, ko mai sa ran samu, ko mai shayarwa, dole ta faɗa, saboda adafalin da danginsa da wasu magungunan sha na ƙuraje haramtattu ne ga mai ciki.

Akwai ƙurajen da maganin shafawa bai isa ya magance su ba: manya masu zurfi da zafi kamar maruru, waɗanda suka bazu a ƙirji da baya, da masu barin rami ko tudun tabo. Waɗannan kada a ɓata lokaci da su, domin ƙurji yana warkewa, ramin da ya bari kuwa da wuya ya cike. Haka yarinyar da ƙurajenta suka haɗu da rikicewar al'ada da fitowar gashi a haɓa, tana buƙatar a duba sinadaran jikinta. Sannan ba kowane ƙurji ne na balaga ba. Ƙurajen zafi da ƙurajen aski da ƙyasbi da ƙazuwa kowanne da maganinsa, kuma ido marar horo yana iya rikita su.

Ina za a dosa?

Ba sai an fara da Shika ko Kano ba. Likita ko jami'in lafiya a asibitin garinku, ko a Babban Asibitin Ƙanƙara ko na Funtuwa ko na Malumfashi, zai iya duba mafi yawan ƙuraje ya rubuta magani, idan abin ya fi ƙarfinsa ya tura ku gaba, zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko na Shika. 'Yan makarantar kwana su fara da ma'aikacin jinyar makaranta. Ku sanar da Baba ko Inna kafin ku sayi komai, ko da kuɗin naku ne.

Ku sani cewa lasisin da Hukumar Kula da Harhaɗa Magunguna ta Najeriya ke ba ƙananan shagunan kemis na sayar da magungunan da ba su buƙatar takardar likita ne, kuma antibayotik na ƙuraje ba ya cikinsu. Ku kai takardarku babban kantin magani da ke da ƙwararren mai harhaɗa magunguna. Ku duba lambar rajistar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki a jikin kwali, ku tabbatar ba a buɗe shi ba. Maganin da ya wuni a rana a kan faranti ko bayan babur a kasuwa, ku bar shi inda kuka gan shi.

Kafin ku tashi daga gaban likita, ku yi tambayoyi huɗu: Mene ne sunan maganin? Da me zan haɗa shi? Sau nawa a rana? Wace rana zan daina ko in dawo? Matambayi ba ya ɓata, kuma babu ma'aikacin lafiyar kirki da zai ji haushin ɗalibin da ya ce, "Likita, don Allah a rubuta mini a takarda kada in manta."

Saura magana ɗaya ga waɗanda fuskarsu ke sumul. Tsokana ce ke tura yawancin 'yan uwanku ga mai haɗi uku da kafso. Akwai ɗalibai da ke ƙin ɗaga hannu a aji ko shiga muhawara saboda kada a kalle su, wasu har abin ya kai su ga ƙunci da keɓe kai. Wanda ya ji ƙuraje sun hana shi sukuni haka, wannan ma dalili ne na ganin likita, kuma ya samu malami ko babba a gida ya faɗa masa. Ga mafi yawan mutane ƙurajen kan lafa da kansu bayan an haura shekara 20. Abin da ake so shi ne idan sun tafi su bar fata lafiya, maganin kuma ya kasance yana nan da ƙarfinsa don ƙannenku da ke tasowa.